Attarugun da Ivorine Ba Ta Tsame Ba

Tun ranar da Ivorine ta manta da shinkafa a wuta har hayaƙi ya tara maƙwabta, 'ya'yanta suka kwance tukunyar gas suka kai ajiya gidan fasto. Yau Lahadi ga su sun iso daga Kingston da mota, Linval da ƙanwarsa Verona, wai za su tafi da ita ta ɗan huta. Ta san irin wannan hutun. Tsohuwar da aka kai ba ta dawowa.

A bayan gida suka same ta, gindin mangwaro, ta jera duwatsu ta ɗora baƙar tukunyar ƙarfe. Naman bunsuru tun jiya yake jiƙe da kori da tafarnuwa da ganyen albasa.

"Mama, wa ya ce ki hura wuta?" in ji Verona.

"Gas kuka ɗauke, uwar iyayi, ba itace ba."

Mai na yin zafi ta watsa garin kori, ta yi ta juyawa har ya yi duhu, sannan ta juye naman, ya ɗauki ƙara. Ko kallonsu ba ta yi ba ta ce, "Ku ci wannan. In kun ce hankalina ya tafi, da ƙafata zan shiga motarku. In ba haka ba, gas ɗina ya dawo."

Da ta tsaida ruwa sai ta ɗora attarugu guda, ɗungurungum da hancinsa, a saman romon. Ƙamshinsa kawai ake so. Kafin ya fashe ake tsame shi, kuma tun ba a haifi waɗannan biyun ba take tsamewa. Ta zauna a kututture tana gyara wuta, tana ba su labarin bikin aurenta, yadda akuya uku ba su ishi jama'a ba. Ta zuba dankali, ta sauke farar shinkafa, ba ko ƙauri. Har da ɗan murmushinta.

Sai wajen rabawa ludayi ya fito da hancin attarugun, shi kaɗai. Ya fashe a cikin romon. Ta manta. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun jana'izar mijinta. Ta cilla hancin cikin toka, ta ci gaba da zubawa.

Loma ɗaya Linval ya yi ya hau tari, idanu jajur. Verona ta ajiye cokali a hankali.

"Mama... attarugun."

"Da gangan na fasa shi. Birni ya lalata muku baki, shi ke nan."

Ta ja farantinta ta hau ci. Leɓɓanta na zugi, gumi na bin wuyanta, ta ƙi taɓa kofin ruwa. Ta tsotse ƙashi, ta suɗe romo da yatsa. Verona na kallonta tana hawaye, ita da ko loma biyu ba ta yi ba. Duk su ukun sun san gaskiya.

Ivorine ta goge baki da gefen zane.

"Gas ɗin ku bar wa fasto. A waje zan dinga hura wutata, inda kowa zai ga hayaƙin." Ta nuna ƙofar gida da haɓa. "Amma motar nan da mutum biyu ta zo, da mutum biyu za ta koma."