Saƙon Rasuwar Inna Hansai

Kaset ɗin ya iso Riyad bayan aikin hajjin 1977, a hannun wani direba da ya dawo daga Makka. Lado ya saurare shi ranar Juma'a da hantsi, bayan abokan ɗakinsa 'yan Yaman sun fita. Muryar matarsa Rabi ce, daga Gusau. Ta yi gaisuwa, ta ba da labarin kaka, sannan ta yi shiru har ya ɗauka batir ne ya mutu.

"Malam, Inna Hansai ta rasu, sati biyu bayan ƙaramar salla. Nan ba wanda ke da adireshin Basiru. An ce tunda kuna ƙasa ɗaya, kai ka gaya masa."

Ba ƙasa ɗaya suke ba. Lado da Basiru tare suka tashi, tare suka koyi kafinta, tare suka zo Saudiyya. Amma Basiru shekara ɗaya ya yi a Riyad, ya samu aiki a tashar jiragen ruwa ta Manama, babban birnin Bahrain, ya ƙetara. Wasiƙa ɗaya tak ya aiko tun tafiyarsa. Shi kuwa Lado yana nan unguwar Ulaya a Riyad, yana haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki. A lokacin unguwar rabinta yashi ne, rabinta benaye masu tasowa kamar ana korarsu. Yakan yi sati bai yi Hausa da kowa ba, sai dai shi kaɗai, in guduma ta same shi a yatsa.

Ya sayo takarda da ambulan, ya rubuta sallama, ya kasa ci gaba. Inna Hansai, mahaifiyar Basiru, ita ce take ajiye masa ƙanzon tuwo tun yana ƙarami. Bai ga yadda zai sa mutuwarta a ambulan ya liƙe da yawu ba.

Sati uku ya yi yana bin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, kafin a buga masa izinin fita da dawowa. Shugaban aiki ya ba shi kwana huɗu. Ya sayi jakar goyo ta tsofaffin kayan soja a kasuwar Baɗha, ya zuba riga biyu, da darduma, da ƙullin yajin da Rabi ta aiko, ya saɓa a baya.

Jirgin ƙasa na Dammam da safe yake tashi. Lado ya samu wuri kusa da taga. Gabansa wani dattijo ne Balarabe da kejin shaho a kan cinya, an rufe wa tsuntsun kai da 'yar hular fata. Dattijon ya miƙo masa dabino, ya tambaye shi ƙasarsu, ya ce masha Allah, daga nan hira ta ƙare. Bayan Kharj gonaki suka ɓace, sai rairayi ja har iyakar gani. Lado ya yi ta jera maganar a ransa. Ya fara da cewa jikin Inna ya yi tsanani? Ko ya faɗa kai tsaye? Kowace ya gwada sai ya ji ba ta yi ba. A Hufuf dattijon ya sauka, kujerar ta zauna babu kowa. Can gaba ya ga wutar rijiyoyin mai tana ci da rana tsaka a kan dogayen bututu, ba gida ba mutum kusa da ita.

Ya kwana a wani masauki a Khubar, kusa da Dammam, washegari ya shiga kwalekwalen inji da ke ƙetarawa da fasinja. Bai taɓa hawa teku ba. Ya rungume jakarsa har gine-ginen Manama suka fito fari fat a bakin ruwa.

Adireshin ya kai shi wani lungu bayan kasuwa, saman shagon mai gasa gurasa. Wani Ba'indiye ya buɗe ƙofa, ya ce Basiru yana aiki, sai azahar. Lado ya zauna a kan matakala ya jira.

Daga nesa ya gane tafiyarsa. Basiru ya rame, ya tara gemu, yana sanye da shuɗin kayan aiki. Da ya ga Lado sai ya tsaya cak, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Lado. Kai ne da kanka?"

"Ni ne. Ka ga yadda ka koma?"

Suka hau sama. Ɗakin gado shida ne, na Basiru a ƙurya. Ya dafa shayi, ya sayo gurasa mai zafi, ya yi ta tambaya: Riyad, aiki, wane da wane. Lado ya ba shi yajin. Basiru ya buɗe ƙullin ya shinshina, ya yi murmushi. Duk abin da Lado ya shirya a jirgi ya bi iska. Ya ajiye kofinsa.

"Basiru, ba yawo ne ya kawo ni ba. Saƙo aka ba ni daga gida."

Basiru ya ɗaure bakin ƙullin a hankali.

"Inna ce," in ji shi. "Na sani."

Lado ya dube shi.

"Wata guda ke nan. Wani jirgin kaya ya zo daga Legas, akwai wani Idrisu a cikin ma'aikatansa, ɗan Tudun Wadar Gusau. Muna sauke buhuna ya ce mini ya haƙuri. Ya ɗauka na ji. Na ce da godiya, na ci gaba da aiki. Da yamma jirginsu ya tashi."

"Ba ka gaya wa kowa ba?"

"Wa zan gaya wa? Waɗannan mutanen kirki ne, amma ko sunanta ba za su iya faɗa ba. Na yi mata addu'a a masallaci. Sai dai har yau ban zauna ba. Ba wanda ya zo ya zauna da ni."

Lado ya tashi ya ciro dardumarsa daga jaka, ya shimfiɗa a ƙasa tsakanin gadaje. Ya cire hularsa ya gyara ta, ya mayar. Basiru ya sauko ya zauna, ya jingina da bango. Lado ya durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi a ƙofar gida.

"Ya muka ji da haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Allah ya haskaka kabarinta."

"Amin."

Suka shafa fatiha. Daga nan Basiru ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Lado ya koma gefensa ya zauna. Ba'indiyen nan ya leƙo, ya gan su, ya cire takalmi ya shigo ya tsuguna daga bakin ƙofa. Bai tambayi abin da ya faru ba. Haka suka zauna har aka kira la'asar.

Washegari Basiru bai samu hutu ba, don jirage sun yi layi a tasha. Ya raka Lado bakin titi, ya nuna masa hanyar kasuwa, ya hau motar ma'aikata. Lado ya yi ta zagaya Manama shi kaɗai da jakarsa a baya. Ya bi layin masu zinariya, ya bi na masu turare, ya sayi ɗankwali ɗaya saboda Rabi. Ya ci shinkafa da kifi a tsaye. Da rana ta yi sanyi ya zauna a bakin teku yana kallon masu gyaran raga, har lokacin kwalekwale ya yi. Basiru ya ce zai yi ƙoƙari ya zo sallama. Lado ya yi ta duban ƙofar tasha har aka kwance igiya.

Ya koma Ulaya ranar da aka ce ya koma. An riga an zuba daben bene na biyar ba da shi ba, wani Bafakistane yana riƙe da zartonsa.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo daga Manama, layi huɗu. Basiru ya ce ranar an hana shi fita ne. Ya ce ya ajiye aiki, zai tafi gida ya ga inda aka sa ta, ba ya jin zai dawo. Ya tambaya ko Lado yana da saƙo.

Lado ya ari rediyon wani ɗan Yaman na ɗakinsu, ya sa sabon kaset da zai aika wa Basiru ya tafi da shi, ya danna. Ya yi sallama, ya gaida Rabi, ya gaida mutan gida ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya ce yana lafiya, aiki yana tafiya, sanyi ya ragu. Sauran shekara biyu kwantiraginsa ya ƙare.