Da Sauƙi, Sau Goma Sha Ɗaya

Majinyata sittin nake gani a yini, don haka ba zan yi ƙaryar cewa ina kallon fuskar kowa ba. In tambaya, in rubuta, in ce a turo na gaba. Na daɗe da daina jin komai a ɗakin nan, har ƙarar fankar da ke bisa kaina.

Cikin majinyatana akwai wata Malama, lissafi take koyarwa, ajinta a bene na biyu. Bara zazzaɓin da ya zagaye gari ya kwantar da ita mako biyu. Zazzaɓi ya tafi, gajiya ta zauna. Gwajin jini lafiya lau, hoton ƙirji ma haka. Yayanta, mai kawo ta a mota, ya ce ai tun tana ƙarama da an ambaci shara sai ciwon kai ya tashi. Muka yi dariya har da ita. Na rubuta mata maganin ƙarin jini, na ce ta riƙa motsa jiki.

Da makarantarsu ta nemi rahoto saboda yawan fashinta, na buɗe fayil na kwafe abin da na tarar: tana samun sauƙi.

Daga baya aka tura mu bitar kwana biyu kan ciwon da ke daɗewa bayan cutar bairos. Gaskiya hutu ya kai ni. Likitar da ta koyar da mu ta ce wannan ciwo ba kasafai yake fita a gwaji ba, sai dai a tambaya. Ta raba mana takardar tambayoyi, na cusa a aljihun tebur.

Ranar da Malama ta dawo, ina neman biro hannuna ya faɗa kan takardar. Na karanto mata tambayar farko kamar mai karanta lambar mota.

"Ranar da kika yi wanki, washegari me ke faruwa?"

Ta ce kwana biyu take yi a kwance, ko kofi ba ta iya ɗagawa. Benen makaranta sai ta zauna sau uku kafin ta kai aji. Wata rana tana tsaye gaban allo ta manta bakwai sau takwas, yara suka faɗa mata. Motsa jikin da na sa ta kuwa, shi ya fi kayar da ita.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini tuntuni.

"Likita, ya jiki kake ce mini. In an ce ya jiki, me ake cewa?"

Na juya shafukan fayil ɗin. Sau goma sha ɗaya ta zo, sau goma sha ɗaya na rubuta da sauƙi. Gaisuwa take amsawa, ni kuma ina ɗauka a matsayin bayanin ciwo. Na san ya kamata in ji kunya, amma ban ji komai ba sai nauyin biro.

Na ce yau ɗin nan zan rubuta wa makaranta sabon rahoto. Ta buɗe jaka a hankali ta ajiye mini ambulan. Takardar sallama daga aiki ce, tun makon jiya. An manne rahotona a bayanta, an ja layi ƙarƙashin kalmomi ukun nan.

Duk da haka na rubuta sabon, na buga hatimi. Ta ninke shi ta miƙe tana dafa tebur. Bakina, da ya saba, ya riga ni.

"To, ya jikin yanzu?"

"Da sauƙi," in ji ta.

Ban rubuta ba.