Agogunan Cikin Kwando

Cikin dare mai gyaran agogo ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba a gidansa: tin-lin, sau biyu, kamar an taɓa bakin kofin gilashi da cokali. Ya kasa kunne. Agoguna tara ne a gidan, kowanne ya san muryarsa kamar yadda ya san tarin matarsa, kuma babu mai irin wannan kukan a cikinsu. Ya lallaɓa falo. Ashe tsohuwar kwamfutarsa ce da ya manta bai rufe ba, ga wani saƙo a tsakiyar fuskarta.

A aji huɗu bokonsa ya tsaya. Ya bi kalmomin da yatsa, ya tsinci "ƙarshe", ya tsinci kwanan wata, sauran suka gagare shi.

"Wane ne?" in ji matarsa daga cikin bargo.

"Kwamfuta ce. Kamar ban kwana take yi."

"Ka ce ta bari sai da safe."

Da safe ya naɗe ta a tawul ya kai wa mai sayar da kwamfutoci a bakin kasuwa. Mutumin ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta kamar mai sayen kankana. Ya ce masu manhajar da ke tafiyar da ita za su daina aiko mata gyara, daga nan kowane ɓarawon intanet sai ya shiga ba sallama. Sabuwar manhajar kuwa ta fi ƙarfinta.

"Baba, ta yi maka hidima. Ka bar ta ta huta, ga sababbi nan."

Da ya ji farashin sababbin, sai ya mayar da tasa cikin tawul a hankali, ya yi godiya.

Abin da ke cikinta ne ya dame shi. Shekara goma sha ɗaya, duk agogon da aka kawo masa sai ya kara masa ƙaramin makirfo ya naɗi bugunsa, sau ɗaya kafin gyara, sau ɗaya bayan gyara, ya adana a kwamfutar. Ya raɗa musu sunaye: mai ɗingishi, mai tarin asuba, na direban da ke sauri ranar Litinin kawai. Da fari sha'awa ce. Yanzu da kunnen hagu ya fara yi masa rowa, da su yake gane ciwon sabon agogo: ya sa abin ji a kunne, ya ƙure sauti, ya gwada da na baya.

Ya kira Auta, 'yarsa da ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Ta yi dariya har ya janye wayar daga kunne.

"Baba, ba mutuwa za ta yi ba. Akwai wata manhajar kyauta, mara nauyi, tsofaffin kwamfutoci suna son ta. Ni na sa wa ta ofishinmu. Yau ba ni da aiki, ina zuwa."

"Kyauta? Me mai ita zai ci?"

"Mutane ne suka haɗu suka yi, kowa ya kawo abin da ya iya."

Wannan magana ta yi masa daɗi ƙwarai. Duk hanyar shago yana hango su a ransa, mutane barjat a ƙasashen da bai san sunansu ba, kowa da ɗan sukudirebansa, sun sunkuya a kan abu guda.

Wajen sha ɗaya Auta ta iso da filashi biyu a jaka, mahaifiyarta na biye da ita, wai ta zo ganin yadda ake yi wa kwamfuta dashen zuciya. Shagon ɗan ƙarami ne: teburi mai fitila, kwalaben ƙananan kusoshi, agogunan bango da kowanne ke faɗin nasa lokacin, sai kwandon shara na roba a ƙarƙashin teburi. Mai guga na shagon kusa ya jingina da ƙofa, riga a kafaɗa. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ya shiga kunnensa da hantsi, kafin la'asar ya kai ƙarshen layi.

Auta ta kwashe takardu da hotuna zuwa filashi na farko. Ta soka na biyu mai ɗauke da sabuwar manhajar, ta kashe kwamfutar ta kunna. Fuskar ta yi baƙi, fararen rubutu suka yi ta gudu kamar tururuwa, sannan wata tambaya ta fito.

"Tana cewa za ta goge duk abin da ke ciki, ta zuba sabo," in ji Auta. "Kada ka damu, na kwashe komai."

"Komai da komai?"

"Duk inda mutum ke ajiye abu, na duba."

Ta ɗora yatsa a kan madanni. Tsohon ya zabura, domin shi ba a inda mutum ke ajiye abu yake ajiyewa ba. Shekarun baya ɓarayi sun fasa shagon nan, suka share durowa tas, amma agogon zinaren da ya faɗa kwandon shara bisa kuskure yana nan da safe. Tun daga ranar, duk yamma a nan yake kwantar da agogunan mutane masu tsada, ƙarƙashin tarkacen takarda. Da ya sami kwamfuta ya ga ita ma tana da nata kwandon, sai ya ce masu ita sun san duniya, ya riƙa zuba sautukansa a ciki. Ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Ga shi kuma mai guga ya miƙo wuya har numfashinsa na taɓa ƙeyar Auta.

"Maƙwabci," in ji tsohon, "kamar ina jin ƙaurin tufa daga wajenka."

"Na cire dutsen daga wuta tun ɗazu. Danna, 'yata, mu gani."

"In danna, Baba?"

Ya dubi yatsan, ya dubi mai guga. Ya tuna mai tarin asuba, wanda mai shi ya daɗe da ƙaura, ba za a sake jin irinsa ba.

"Dakata, Auta." Ya yi ƙasa da murya, amma shagon ya yi wa asiri ƙanƙanta. "Kin duba cikin kwandon?"

"Wane kwando?"

"Na kwamfutar. Ɗan hoton nan na lungu."

Ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi. Ta zare filashin, ta tayar da tsohuwar manhajar, ta buɗe kwandon. Sunaye suka zubo, ta yi ta ja ƙasa ba su ƙare ba. Ɗari takwas da 'yan kai.

"Baba, nan fa wurin abin da aka zubar ne. Dannawa ɗaya ta share su duka. Shekara nawa suna nan?"

"Sha ɗaya. Ko ɗaya bai ɓata ba."

"Jikokinka fa da ke wasa da ita?"

"Wa ya taɓa ganin yaro ya tafi kwandon shara da kansa?"

Matar ta zauna a kan benci tana dariya har da share hawaye da gefen mayafi. "Shekara arba'in ina shara a gidan mutumin nan. Allah kaɗai ya san abin da na zubar."

Auta ta fito da su duka, ta kwafe a filashi, ta ƙirga sau biyu, ta sa shi ya saurari uku da kunnensa. Sannan ta kama yatsansa ta ɗora a kan madannin, shi ya danna. Kafin la'asar kwamfutar ta farka da sabuwar fuska, koriya shar. Da can in ya kunna ta sai ya share shago ya dawo tana miƙa. Yanzu kafin ya gyara tabarau ta buɗe ido. Har fankarta ta daina huci.

Auta ta buɗe masa jaka ta musamman a tsakiyar fuskar, ta zuba sautukan. Ya kunna mai ɗingishi, ya ƙure. Tik, ta-tak, tik, ta-tak, ya cika shagon. Matar ta fara kaɗa kai, Auta na buga teburi da farce, tsohon ya lumshe ido yana murmushi, yatsansa na bin bugun a iska.

Mai guga bai shiga kiɗan ba. Idonsa na ƙarƙashin teburi.

"Wai ni kam, maƙwabci," ya ce a hankali, "wannan kwandon naka na roba, me ya sa ban taɓa ganin ka fita zubar da shi ba?"

Auta ta dubi mahaifiyarta, mahaifiyar ta dubi mijinta. Shi kuwa ya ƙara sautin kaɗan, ya miƙa ƙafa ya tura kwandon can ciki.