Taya Mai Jar Alama

Edgardo ya biya kuɗin taya uku da kuɗin da ba nasa ba.

Shagon ya yi rangwame: ka sayi biyu, ta uku kyauta. Kowace lempira ɗari tara, a kuɗin ƙasar. Su uku ne, duk masu jan keke mai ƙafa uku a tasha ɗaya a garin Choloma: shi, da Selvin, da Nery, wanda ya riƙe masa 'yarsa a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompa. Su biyun suka ce sai da rana za su ba shi nasu. Edgardo ya kwance dubu biyun da ya ɗaure da roba, kuɗin 'yan daban unguwa, waɗanda ke aiko a karɓa daga kowane direba duk ƙarshen wata. Yau ce ranar. Kowa ya san abin da ya sami wani direba, Olvin, da kuɗinsa bai cika ba. Kekensa aka fara ƙonawa.

Da rana ta yi tsaka, suka haɗu a inuwar mangwaron tasha. Edgardo ya yi aiki tun safe bai ci komai ba, ya haɗa nasa kason. Selvin ya miƙo ɗari shida.

"Saura kai, kompa," Edgardo ya ce wa Nery.

Nery ya nuna tayarsa da ƙafa. Jar alamar da mai shago ya manna wa tayar kyauta tana nan a jiki.

"Tawa ce ta kyauta. Ga shaida."

"Kai, ɓarawon zaune!" in ji Selvin. "Da ba mu sayi biyu ba, uban wa zai ba ka kyauta?"

"To ku da kuka saya ku biya ɗari tara-tara," in ji Nery. "Ba ruwana. Kai, Selvin, ƙara masa ɗari uku."

"In ƙara me? A raba uku, haka ake yi ko a gidan mahaukata."

Selvin ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Edgardo ya sake ƙirga abin da ke hannunsa, ko da yake ya san amsar. Dubu ɗaya da ɗari huɗu, har da canjin ɗari biyu na shago.

"Nery, ba wasa nake ba. Ka san kuɗin su waye."

Wani babur ya shigo layin a hankali, mutum biyu a kai, fuskokinsu a rufe cikin hula. Masu karɓar kuɗin ne. Mai sayar da gasasshiyar masara ta juya baya. Babur ɗin ya tsaya wajen keke na farko a jeri. Na Edgardo ne na huɗu.

Selvin ya zazzage aljihunsa. Tsabobi ne kawai.

Edgardo ya riƙo hannun Nery. A tafin akwai kuɗi a dunƙule, an ɗaure da roba.

"Nawa dubu biyun ne, cif," Nery ya ce ƙasa-ƙasa, bai dube shi ba. "Da ƙyar na haɗa. Tun a shago na san ba ni da na taya, shi ya sa na yi sauri na ɗauki mai alamar."

"Ka ba ni ɗari uku. Mu gaza tare, mu roƙe su tare."

Babur ya matso keke na biyu.

"Don 'yar da ka riƙe, kompa."

Nery ya zare hannunsa.

"A'a," ya ce. "Ba zan bayar ba."