Tururuwa a Koren Kwali

Direba ya yi ha'inci, kuma a ɗakin girkin matarsa ya yi shi. Mutum mai shekara hamsin da bakwai, furfura har a gira, wanda iyaye ke damƙa wa 'ya'yansu kowace safiya ya kai su makaranta a bas. Abin kunya ne, kuma za a faɗe shi yadda ya faru.

Likitan wurin aikinsu ne ya gwada jininsa ya ce sukari ya hau. Ya ba shi mako shida. In ya sauka, a sa masa hannu a takardar lafiya. In bai sauka ba, ya miƙa makullin bas. Direba ya dawo gida ya gaya wa iyalinsa. Matarsa, wadda yara ke kira Umma, tela ce. Ta ajiye almakashi ta ce, "To, sai mu gyara cin abinci. Daga karin kumallo za mu fara."

Autarsu mai karatun aikin jinya ita ta raka ta kanti.

"Umma, rabu da hoton gaba, talla ce kawai. Juya bayan kwalin," in ji Auta. "Abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi, shi ya fi yawa a ciki. Nan kuma yawan sukari ne a giram ɗari. Duk giram huɗu, ƙaramin cokali ɗaya ke nan."

Umma ta saka tabaraunta na zura zare, ta ɗauko rawayen kwalin hatsin nan da ake zuba wa madara, wanda mijinta ya shekara goma yana ci. Giram talatin da shida. Ta lissafa da yatsu.

"Cokali tara? Ashe alewa nake ba bawan Allah da sassafe."

Suka ɗauki wani koren kwali mai giram huɗu kacal, suka haɗa da ƙwai da gyaɗa da madara marar zaƙi. Tun daga ranar Umma ta sami sabuwar sana'a. Ba gwangwanin da zai shigo gidan ba ta juya bayansa ba. Mata su kawo ɗinki, su tafi da darasi kyauta.

Kwana uku Direba yana ci yana yatsina fuska. "Maman yara, wannan ai dusa ce. Hakkin awaki kika tauye." A rana ta huɗu sai ya sauya. Yana cinyewa tas, yana ƙari, har ya hana ta wahalar zubawa. "Zauna abinki, kin gaji. Ni zan haɗa da kaina." Umma ta ji daɗi har cikin ranta. Ta gaya wa maƙwabta cewa mijinta mutum ne mai jin magana.

Sai dai ƙaramar na'urar da Auta ke gwada masa jini da ita ta ƙi ba da goyon baya. Mako biyu, lamba tana nan inda take. Umma ta shiga zargin kanta. Ta sake karanta bayan madara, ta rage burodi, ta daina soya ƙwai ta koma dafawa. Shiru.

Wata safiya tana goge kantar ɗakin girki sai ta ga tururuwa sun ja layi daga taga. Ta bi su da ido. Sun wuce burodi ba su tsaya ba, sun wuce gyaɗa, sun hau kanta ta biyu, sun shige cikin koren kwali. Shekara talatin tana girki, ba ta taɓa ganin tururuwa sun yi wa dusa layi ba. Ta ɗebo kaɗan ta ɗaga a haske. Yana sheƙi, yana manne wa yatsa. Ta zaro ledar ciki, sai ga bakinta an yanke shi ƙiri-ƙiri da almakashi mai haƙora. Irin wannan almakashi guda ɗaya ne a gidan, nata ne na yankan yadi, wanda ko Auta ba ta isa ta taɓa ba.

Ta jira har ya zauna da kwanonsa, Auta na gefe tana shan shayi.

"Baban Auta, karanta mini nan."

"Sukari, giram huɗu," ya ce, har da gyaran murya.

"To, tururuwan gidan nan ba su yarda ba."

Ya leƙa kwalin. "Wataƙila daga kamfanin ne aka yi kuskure."

"Kamfanin ne ya ari almakashina?" Ta ajiye ledar a gabansa.

Auta ta ƙware da shayi don dariya. Direba ya sosa ƙeya, ya ga ba mafita, ya faɗi gaskiya: rawayen kwali yake sayowa a hanya, ya zare ledar ya saka a cikin kore.

"Na ainihin fa, ina kake kai shi?"

"Tattabarun garejinmu," ya ce a hankali. "Har sun yi ƙiba."

Umma ma sai da ta dara. Da ta gama ta cire tabarau ta dube shi. "Yara arba'in kake ɗauka. In jiri ya ɗebe ka a kan sitiyari, me za ka ce wa iyayensu? Kwali ka yaudara ko jininka?"

Direba ya ture kwanon.

Mako huɗun da suka rage, Umma na zaune a gabansa kowace safiya har ya haɗiye lomar ƙarshe. Dafaffen ƙwai, hatsin gaskiya, gyaɗa cikin tafin hannu. Lamba ta fara sauka kaɗan-kaɗan, Auta na rubutawa a jikin kalanda. Ranar gwaji ya dawo yana kaɗa makullin bas tun daga bakin ƙofa, takarda a hannu ɗaya, sabon almakashi mai haƙora a aljihu. Gida ya kaure da murna. Da ya ga fuskar Umma a sake, ya matso ya ce, "To, Maman yara, ai an yafe ko?"

Ta karɓi almakashin, ta gwada shi a ƙyalle, ta ce yana da kaifi.

Ba a yafe ba. Shekara guda shi zai riƙa haɗa wa gidan karin kumallo, kuma duk kwalin da zai buɗe sai ya karanta bayansa da ƙarfi, Umma na zaune da tabarau tana ɗanɗana abin da ke ciki. Yanzu yana wata na biyar.