Fitilar Makaho

Wata ranar bazara na dawo daga sallar la'asar raina a jagule, na kishingiɗa a zaure. Katin da na saka wa mita ya sake ƙarewa tun wata bai raba ba. Ni kuwa duk unguwarmu an san Tasi'u da tsimi. Na hana matata Saude dafa ruwa da hita, na sa ana tara guga sai ƙarshen mako, na sauya ƙwayayen fitilun gidan da marasa cin wuta. Har ƙwan ɗakin mahaifina na kwance ban gaya masa ba, tunda ya daɗe da makancewa. Ina cikin wannan tunani, barcin la'asar ɗin nan da manya ke hanawa ya yi awon gaba da ni.

Sai na gan ni a ƙofar wani birni wanda wayoyi suka rufe samansa kamar saƙar gizo-gizo. Wani dattijo mai fararen kaya ya kama hannuna ya ce, "Taho ka ga inda ake biyan kuɗin wuta na gaskiya."

Muka iske wasu mutane riƙe da tsirarar waya, tana cin tafin hannunsu, sun kasa saki. Na ce, "Malam, su wane ne waɗannan?" Ya ce, "Masu zagaye mita ne. Sun sha wuta a ɓoye, maƙwabta suka ɗauki nauyin." Gaba kaɗan ga wasu ana cusa musu takardu a baki, suna haɗiya suna kakari. Ya ce su ne masu rubuta wa gida kuɗin wutar da bai gani ba. Na kuma ga wani mai babbar riga da taransifoma a ka, wuyansa ya nutse cikin kafaɗu. Duk inda ya nufa zai sauke, sai matan unguwa su ce ba nan ba. Shi ne shugaban da aka tara wa kuɗin gyara ya lamushe.

Ba zan ɓoye ba, sai na ji kaina ya ɗan kumbura. Na ce, "Alhamdu lillahi, ni ban taɓa satar wuta ba, ban kuma yi almubazzaranci ba."

Dattijon ya ja ni wani lungu mai tsit, ya tsaya bakin wani ɗaki mai duhu. Na leƙa na ga tsoho zaune kan buzu, ya karkata kunne wajen ƙofa. Yara suka taho da gudu, suka ga duhu, suka juya. Wani baƙo ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ashe ya yi barci," ya wuce. Duk takun da ya matso, sai tsohon ya gyara zama ya shafa tabarmar da ke gefensa. In takun ya yi nisa, sai ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Wannan bawan Allah kuma me ya yi?"

Ya ce, "Bai yi komai ba, nuna maka shi kawai aka yi. Ɗakin na ɗansa ne, an ajiye masa. Ɗan ne zai zauna a nan da idanunsa biyu, yana jin 'ya'yansa suna wucewa."

Tsohon ya ɗago fuska, sai na ga Baba ne.

Na farka a firgice ana kiran magariba, hawaye sun jiƙa min wuyan riga. Na shiga gida na tambayi Saude yaushe rabon yara su ci abinci a wurin kakansu. Ta ce, "Tun da ka cire ƙwan nan, Malam. Tsoron duhu suke."

Na kwanto ƙwan ɗakina, na ɗauki kujera na nufi ɗakin Baba. Da ya ji motsi ya ce, "Wane ne?"

"Ni ne, Baba. Ƙwan fitilarka zan mayar."

Ya ce, "Au, cirewa aka yi? Ni kuwa kullum magariba sai na lallaba na danna abin nan, don a san ina ciki. Na ɗauka a kunne take, Tasi'u. Na ɗauka gajiya kuka yi da ni."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokaci ba. Na roƙe shi gafara, na yi wa Allah alkawari ko gidan duka zai kwana a duhu, ban da wannan ɗaki. Ban ma sauko daga kujerar ba, sai ga autata Ummita ta shigo da kwanon tuwonta, ta zauna daidai inda Baba ke shafawa.