Kunkurun Gwaggo Luba

Ranar da Gwaggo Luba za ta tafi Bacirawa zaman jegon 'yarta Ramlat, ba ta bar wa Hure sallahun kaji ba, ba ta bar mata na akuya ba. Waɗannan kowa a gidan zai iya watsa musu dusa. Kunkurunta kaɗai ta damƙa mata hannu da hannu.

Gwaggo Luba ƙanwar mahaifin Basiru ce, mijin Hure, kuma katangar kara ce kawai tsakanin sashenta da nasu. Kunkurun nan, wanda take kira Dattijo, marigayi mijinta ne ya tsinto mata shi a gonar gero shekarar da aka kai ta ɗakinsa. Da mijin ya rasu ta dawo gidan ubanta, akwatinta a ka, Dattijo a cikin ƙwarya. Ta gina masa ɗan shinge na laka a gindin zogale, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, da kaskon ruwa, da ramin da yake shigewa in rana ta take. Kullum da hantsi sai ta ja kujera ta zauna bakin shingen tana tsinkar rama tana yi masa hira. Abin da take gaya masa, ita da shi suka sani.

"Hure, ga Dattijo nan," in ji ta, mayafi a kafaɗa, motar Tsanyawa na jira a bakin hanya. "Ganyen rama da safe, ɓawon kabewa in kin samu. A riƙa sauya ruwan kaskon. Amma kada ki fito da shi daga shingensa."

"Haba Gwaggo, kullum a tsare kamar ɗan kaso?"

"Na dai faɗa miki. Bai san na ci da na bari ba. Duk abin da ya tarar a ƙasa, nasa ne."

"To, Gwaggo. Allah ya tsare hanya."

Kwana biyu wannan "to" ɗin ya yi a duniya. Hure mace ce mai kirki, wannan ko maƙiyinta ba zai hana ta ba, sai dai tana da ciwo ɗaya: in aka ce mata ga yadda ake yin abu, nan take sai ta hango yadda ya fi. A rana ta uku ta leƙa shingen ta ga Dattijo yana zagaya bango yana karta da farce, tausayi ya kama ta. Ta ce a ranta tsofaffi dai akwai son takura wa abu. Ta sunkuce shi ta kawo tsakar gidanta ta ajiye.

Dattijo kuwa bai yi gardama ba. Ya shiga madafa ya duba, ya fito, ya haye dokin ƙofa da ƙyar ya shige ɗakin Hure, ya sami ƙarƙashin gado ya mayar da shi nasa. Daga ranar sai ya zama ɗan gida. In tana tankaɗe yana gefen tabarma. In ta kwanta da rana sai ta ji ƙwas-ƙwas ɗinsa a kan siminti, ta yi murmushi. Matan maƙwabta in sun shigo ta riƙa yi musu bayani kamar ita ta haifi kunkuru: ai dabba ma tana son sakewa, ku dubi yadda wuyansa ya yi sheƙi.

Basiru ne kaɗai bai ga abin sha'awa ba, musamman ranar da ya yi tuntuɓe da shi ya kusa kifewa da buta a hannu.

"Ba cewa aka yi ki bar shi a inda yake ba?"

"Ranar da Gwaggo ta dawo ta ga yadda ya murmure, ita da kanta za ta rushe shingen nan."

Basiru mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya kaɗe rigarsa ya tafi masallaci.

Kaka ta yi. Aka cire gyaɗa, aka shanya, aka ɗura a buhuna, kuma da yake rumbu na dawa ne, a ƙuryar ɗakin Hure aka jera su kamar kowace shekara. Ɓeraye ma kamar kowace shekara suka biyo su. Hure ta san aikinta. Ta sa aka sayo mata shinkafar ɓera, gubar nan mai kashe su, ranar kasuwa, ta daka ƙuli-ƙuli, ta kwaɓa da dafaffiyar kabewa don ya kama jikinsa, ta zuba a fasasshen kasko. Kada a ce ta manta da Dattijo, domin ba ta manta ba. Sai da ta tsaya ta dubi faɗin bayansa, ta dubi tsagar da ke tsakanin buhu da bango, ta yanke hukunci cewa ba zai shige ba. Ta tura kaskon can ciki da muciya, ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, ta tafi barkar wata maƙwabciya.

Washegari da ta zo shara ta sami Dattijo a tsakiyar ɗaki. Wuyansa a miƙe, haɓarsa a ƙasa, ga kabewa ta bushe a gefen bakinsa. Buhu ɗaya ya ɗan gota daga bango. Ta taɓa ƙafarsa da tsintsiya, ƙafar ba ta koma ciki ba. Ta ɗauke shi ta sa a ruwa, ta ɗura masa manja da cokali, ta kira sunansa kamar mutum. Daga baya ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Basiru ne ya haƙa ramin a bayan rumbu. Bai ce mata na faɗa miki ba, kuma da ya faɗa da ta fi jin sauƙi. Da ya gama mayar da ƙasa ya miƙa mata wayarsa.

"Kira Gwaggo."

"Wannan ba maganar waya ba ce, Malam. Tana can tana hidimar jego. In ta dawo zan durƙusa in gaya mata da bakina."

Kuma har ga Allah haka ta yi niyya. Kwana tara tana shirya maganar, tana daka tana bitarta, tana wanke-wanke tana gyara ta.

Gwaggo Luba ta dawo ranar Laraba da la'asar, da ƙullin tsaraba, da labarin jariri mai gashi. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce gindin zogale. Hure ta bi ta a baya. Tsohuwar ta sunkuya ta leƙa ramin, ta sa hannu ta laluba, ta ɗago ta dube ta da fara'arta.

"Ina kika kai mini shi?"

Maganar kwana tara ta gudu. Abin da ya fito daga bakin Hure, ita ma sai da ya fito ta ji shi.

"Gwaggo, ya ɓata. Na tashi da safe na zo da rama, na tarar babu shi. Ina jin ta ƙasan shingen ya haƙa."

Ta yi zaton za a yi kuka, a yi salati, a ce Allah ya sa haka ya fi alheri, shi ke nan a rufe zancen. Sai ta ga tsohuwar ta yi ajiyar zuciya har da 'yar dariya.

"Ɗan banza. Ya taɓa yi mini haka shekarar da ruwa ya yi yawa. Sati uku, sai a gonar wake aka gan shi yana cin fure. Yana nan kusa, ba ya nisa. Gobe zan fita."

Ta kuwa fita. Tun hantsi ta ɗauki sandarta ta bi kunya-kunya, daga gonar Basiru zuwa ta Malam Ja'afaru, tana ɗaga tarin harawa, tana leƙa gindin kargo. Gonakin garin a manne suke da juna, babu wanda ba ta san mai shi ba, kuma duk wanda ta tarar sai ta tsaya ta kwatanta masa: babba ne, akwai tsaga a gefen bayansa na hagu. Hure ba ta fita da rana, don haka tana gida tana jin muryar tana nisa tana dawowa. Da azahar Gwaggo ta shigo, zaninta cike da ƙarangiya. Hure ta tare ta da ruwan randa a moɗa.

"Ko labari, Gwaggo?"

Ita ce ta yi wannan tambayar, da bakinta. Bayan tsohuwar ta wuce sai ta shige madafa ta tsaya tana kallon bango, kunya tana cin ta har cikin ƙashi.

Rana ta biyu haka. Da yake Juma'a ce, Gwaggo ta aika aka yi cigiya a ƙofar masallaci bayan an idar da salla. Basiru ya dawo ya ajiye darduma, ya ƙi kallon kwanon tuwo.

"Ina sahu na biyu aka yi cigiyar. Mutane suna juyowa suna yi mini jaje, ina amsawa. Ni da na riƙe fartanyar."

"Malam, na rasa ta inda zan fara."

"Ba ki rasa ta inda za ki fara waccan ba. Ni ba zan tona ki ba, ba kuma zan ƙara amsa jajen kowa ba. Ki san yadda za ki yi."

Ta so ta ji haushinsa, ta nema ta rasa. Kowace rana da ta wuce, gaskiyar sai ta ƙara nauyi. Ran Laraba mutuwar kunkuru ce kawai za ta faɗa. Yanzu kuwa sai ta haɗa da ƙaryar, da cigiyar, da gwiwoyin tsohuwa.

Ran Asabar azahar ta yi Gwaggo ba ta dawo ba. Sai wajen la'asar aka ji babur a ƙofar gida. Malam Ja'afaru ne ya ɗauko ta. A bakin rafi ya same ta zaune cikin kwari, ta gangara ta kasa hawowa, takalmi ɗaya ya tsinke, kututturen kara ya yanke ta a tafin ƙafa. Basiru ya tallabo ta ya zaunar a kan tabarmar tsakar gida. Hure ta kawo ruwan ɗumi da gishiri, ta durƙusa ta ɗora ƙafar a cinyarta tana wankewa. Ƙafar ba ta da nauyi ko kaɗan.

Gwaggo Luba ta daɗe tana kallon kan Hure a sunkuye, sannan ta dafa ta.

"Hure, na ga kin rame kwanakin nan. Kada ki sa abin nan a ranki. Laifina ne. Tun bara na ga gindin shingen yana zaizayewa, na yi ta cewa gobe. Na bar miki shinge ruɓaɓɓe, ga shi na sa ki a damuwa. Ki yafe ni."

Nan Hure ta kasa jurewa. Ba ta yi amfani da ko kalma ɗaya daga cikin waɗanda ta shirya ba. Ta faɗa a hargitse, tana riƙe da ƙafar, hawaye na ɗiga cikin ruwan gishirin: ita ta fito da shi tun kwana na uku, a ɗakinta yake kwana, ita ta kwaɓa maganin da hannunta, da kabewa, yana bayan rumbu a binne yau kusan sati biyu.

Basiru ya juya musu baya. Gwaggo ta janye ƙafarta a hankali ta sauke a ƙasa, a jiƙe, ƙura ta manne a kan ciwon.

"Da kabewa," ta ce. "Yana son kabewa."

"Gwaggo, don Allah..."

"Mutuwa ba komai ba ce, Hure. Wanda ya tsinto shi ma ya mutu. Da kin faɗa mini ran Laraba, da na yi kukana na gama." Muryarta ba ta tashi ba. "Amma kwana biyu ina shigowa kina ba ni ruwa. Kina tambayata ko labari."

Gwaggo ta juya wajen Basiru.

"Basiru, nuna mini wurin."

Suka zagaya bayan rumbu, tsohuwar na ɗingishi, Hure na binsu daga nesa. Ƙasar wurin ta riga ta bushe, kaji sun yi tono a kai. Gwaggo ta durƙusa da ƙyar. Ba ta ce a tone ba. Ta share wurin da tafin hannu, ta tsince tsakuwoyi da karmami, ta daddaɓe ƙasar ta yi sumul. Bakinta yana motsi, amma ba a jin abin da take cewa.

Da ta gama ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Hure ta yi sauri ta matso ta miƙa mata hannu biyu. Gwaggo Luba ta dubi hannun, ba da fushi ba, kamar yadda ake duban hannun baƙo a kasuwa. Sai ta juya ta dafa bangon rumbu, ta miƙe da kanta, ta bi ta gefen Hure ta nufi sashenta.